"Da Sauƙi": Lacca Kan Sanyaya Zuciyar Wanda Ke Cikin Damuwa

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Ku je dubiya asibiti, ku tarar da mutum an ɗaura masa ruwa, numfashi sama-sama. Ku ce masa, "Ya jiki?" Me zai ce? "Da sauƙi." Ba ƙarya yake yi ba, jama'a. Fatan alheri yake yi wa kansa, kuma yana kwantar da hankalin wanda ya zo duba shi. Wannan sauƙin daban yake da na kasuwa, inda ake cewa "Alhaji a yi mini sauƙi". Jin daɗi kuma nasa gidan daban: katifa mai laushi, fanka lokacin bazara, fura mai sanyi. Wannan kam, kuɗi na iya sayensa. Kwanciyar hankali kuwa, sau nawa mai katifar yake kwana juyi, ɗan dako yana munshari a kan tabarma?

Amma inda nake so mu daɗe shi ne gidan makoki. A shekara ta 8 bayan Hijira, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta. Da labari ya iso Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Ku lura, su aka kai wa kwano.

Mu fa yau? Waɗanda aka yi wa rasuwa su ke hayar rumfa da kujeru, su sayi ruwan leda, su ɗora tukunyar shinkafa, wani har da cin bashi. Mu zauna mu ce "Ya haƙuri?", mu ci, mu tashi. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ana watsewa bayan kwana bakwai, gida ya yi tsit, alhali matar mamacin tana da takabar wata huɗu da kwana goma a gabanta. A nan ne ake bukatarku. Hajiya, ki aika da tuwo ranar da ba kowa. Malam, ka tambayi kuɗin makarantar marayun, kada ka jira sai an koro su gida.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.