Sau nawa masana'antar kayan mota ke binciken kanta?

Ku dubi wannan notin da ke riƙe da birki. An ɗaure shi ne da ƙarfe biyun dare, manyan ma'aikata duk suna gida suna barci. To wa ya tabbatar an ɗaure shi daidai?

Yawancin kamfanonin da ke ƙera wa manyan masana'antun mota kayayyaki suna bin ƙa'idar inganci mai suna IATF 16949, wadda ta fito a 2016 ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar ISO/TS 16949. Ƙa'idar ta ce kada kamfani ya zauna jiran masu bincike daga waje. Ya tsara nasa binciken na cikin gida kowace shekara, ta yadda cikin shekara 3 babu sashen da ido bai kai gare shi ba.

Nan ne wasu ke yin kuskure. Suna ɗaukar shekara 3 a matsayin hutu, alhali iyaka ce. Wajen walda, ko wajen gasa ƙarfe don ya yi tauri, inda ɗan kuskure kan jawo asarar rai a kan titi, ba a jera shi layi ɗaya da ofishin ajiye takardu. Gwargwadon haɗari, gwargwadon yawan leƙawa. Idan an sauya inji, ko an gano aibi, ko kamfanin da ake sayar wa kaya ya kawo ƙorafi, sai a sake duba jadawalin, a matso da binciken kusa in da hali ya nuna.

Binciken kashi uku ne: na tsarin gudanarwa, na yadda ake ƙera kaya, da na kayan da aka gama. Na tsakiyan nan shi ya fi ɗaukar hankalina, domin ƙa'idar ta ce a bi kowane rukunin ma'aikata, har da masu kwana, kuma a riƙa halartar lokacin da wani rukuni ke miƙa wa wani aiki. Kamfanonin Jamus ma suna da nasu ma'aunin na binciken yadda ake ƙera kaya, mai suna VDA 6.3.

Ku kalli lokacin miƙa aikin da kyau. Mai tashi ya gaji, hankalinsa ya yi gida. Tun yamma ya lura injin yana ɗan sauya ƙara. Ya faɗa wa mai karɓarsa? Ya rubuta? Mai bincike zai tsaya kusa, ya ɗauki sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, ya duba ranar da aka daidaita ta, ya gwada abin da takarda ta ce da abin da hannu ke yi.

Kuma ba a barin mutum ya binciki aikin da shi ya yi. Daga wani sashe ake turo wanda aka horar, ya zo ya tsaya a kan wannan notin, ko da ƙarfe biyun dare ne.