Yadda ake shiga wasan balesk a Amurka da Ingila

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Minti huɗu ko biyar, iyakar abin da mai wasan balesk take yi a kan dandamali ke nan. Ta fito cikin riga mai walƙiya, da safar hannu har gwiwar hannu, da mafici na gashin jimina, ta yi rawa, ta ba mutane dariya, ta koma bayan labule. Tun da wuri mu faɗa muku gaskiya, domin ba mu son ɓoye-ɓoye: a wannan wasa ana cire wasu daga cikin tufafi a gaban 'yan kallo, kuma dokar kowane gari ce take faɗin iyakar da ba a ƙetarewa. Ba al'adarmu ba ce, ba kuma talla muka zo yi mata ba. Sana'a ce da ke da tarihi a can, kuma yadda ake shigarta ya sha bamban da abin da hotuna ke nunawa.

Asalin wasan ba tuɓe kaya ba ne. A Landan, a ƙarni na 19, balesk wasan kwaikwayo ne na shaguɓe. Sai a ɗauko wani babban wasa da masu hannu da shuni ke girmamawa, a juya shi, a mai da shi abin dariya. Wanda ya taɓa ganin ɗan kama yana kwaikwayon karatun malami, amma duk baitocinsa na tuwo da miya ne, ya fahimci inda aka dosa. A 1868 wata Baturiyar Ingila, Lydia Thompson, ta kai tawagarta ta mata birnin New York. Mata ne ke fitowa a matsayin maza, suna baƙar magana, suna zolayar manya, kuma gari ya ɗauka. Daga baya ne cire tufafi ya shigo ya rinjayi sauran, musamman a gidajen wasa na 'yan'uwan Minsky, har a 1937 gwamnatin magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ta hana gidajen lasisi. Ko a wancan zamani, fitacciyar 'yar wasan nan Gypsy Rose Lee da kaifin baki ta yi suna fiye da komai. Wasan ya yi ta dusashewa, sai a shekarun 1990 wasu matasa a New York da Los Angeles suka farfaɗo da shi.

To, a yau ta ina ake farawa?

Da kujerar 'yan kallo. Tsofaffin hannu sukan ce wa sabuwar shiga ta je ta kalli wasanni da yawa a garinta, ta san masu shirya su, ta ga wanda ke mutunta ma'aikatansa da wanda ba ya yi. Sai aji. Akwai makarantu, kamar wadda Jo Weldon ta kafa a New York a farkon shekarun 2000, inda ake koyon tafiya a dandamali, da riƙe mafici, da haɗa ido da jama'a. Ajin yakan ɗauki 'yan makonni, a ƙarshe a shirya daren ɗalibai, kowa ta nuna abin da ta haɗa. Manya ne kaɗai ake karɓa, babu yara.

Amma matakin da ya fi burge ni shi ne wanda ba a ɗaukarsa hoto. Suna kiran mai yin sa 'yar kyanwa. Ita ce wadda, da zarar an gama wasa fitila ta rage haske, za ta fito da sauri ta tsince duk abin da aka yar: safa ɗaya nan, ɗan kunne can, wata igiya ta faɗa ƙarƙashin kujera. Dole ta ƙirga su, ta mayar wa mai su cif, ta share ƙyalƙyalin da ya zube don kada ta gaba ta zame, ta ajiye kujera daidai inda aka yi alama a ƙasa. Idan safa ɗaya ta ɓata, ta jawo wa wata asara. A nan ake gane mai zuwa kan lokaci da mai riƙon amana, kuma da yawa daga nan ake fara ba su damar hawa dandamali. A ganina wannan ita ce makarantar gaske.

Sai suna. Kusan kowa da sunan wasa take aiki, kuma kafin ta zaɓa sai ta bincika a intanet ko wata ta riga ta. Ɗaukar sunan wata, ko kwafar wasanta, babban abin kunya ne a tsakaninsu, labari kuwa ba ya kwana. Sunan kariya ne kuma, domin mafi yawansu suna da aikin rana, wata a ofis, wata a asibiti, wata a kanti. Sai dai suna ba ya ɓoye fuska. Hoton da ya hau Instagram ya hau ke nan, mai gidan aiki zai iya gani, dangi ma haka, ko bayan shekara ashirin. Wannan shawara ce da ya kamata a yanke kafin daren farko, kuma ina jin takaici idan na ga ana wuce ta da sauri wajen yi wa sababbi bayani.

Mu zo kan kaya, inda kuɗi ke tafiya. Rigar da kuke gani tana walƙiya, yawanci mai ita ce ta zauna da gam da ɗan tsinke tana manna duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya, dare bayan dare. Ana sayo riga ta gwanjo, a farke ta, a cire maɓallai a sa maɗauri mai buɗewa da ja ɗaya, domin zik ɗin da ya maƙale a tsakiyar waƙa ya ɓata wasan gaba ɗaya. Shi ya sa ake atisaye da cikakkun kaya, da takalmin da za a sa, a kuma ɗauki bidiyo a duba. Abin da ake biyan sabuwar shiga a dare guda sau da yawa ba ya mayar da kuɗin rigar, balle na mota da kwalliya. Masu ci da wannan sana'a ita kaɗai, irin su Dita Von Teese, 'yan ƙalilan ne.

Wadda ta jure duk wannan, bidiyon wasanta ne zai zama takardar neman aikinta. Shi za ta riƙa aika wa masu shirya wasanni da bukukuwa. Mafi girma a cikinsu shi ne taron da ake yi a Las Vegas, wanda ya samo asali daga gasar da wata tsohuwar 'yar wasa, Dixie Evans, ta fara a farkon shekarun 1990 a wata gona da ke hamadar Kalifoniya, domin jawo mutane su ga kayan tsofaffin 'yan wasa da aka adana. A irin waɗannan bukukuwa, ko an zaɓe ki, galibi ke za ki biya kuɗin jirgi da masauki daga aljihunki.