Rantsuwar zama ɗan Amurka: wa ke rasa fasfon gida, wa ke riƙe biyu?

[Hoto: zauren rantsuwa, mutane a tsaye, hannun dama a ɗage, ƙananan tutoci a hannun hagu.]

Jama'a, da yawanku kun ga irin wannan bidiyon yana yawo a wayoyi. Mace ta ɗaga hannu tana maimaita rantsuwa, mijinta Ba'amurke yana gefe yana ɗaukar hoto, sai magana ta tashi cewa shi ke nan, ta sallama ƙasar iyayenta saboda aure. Wannan tsoron ya sa wasu sun shekara goma, sha biyar, suna zaune da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, sun cika kowane sharaɗi, amma sun ƙi cike fom ɗin neman zama ɗan ƙasa. To, a kan wannan rantsuwar za mu daɗe yau. Sauran matakan kuwa, da gudu za mu wuce su.

[Hoto: girin kad, gaba da baya. Kalanda tana juyawa.]

Wanda ya auri ɗan Amurka, mace ko namiji, shekara 3 yake jira da girin kad kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, maimakon 5 da sauran mutane ke jira. Sharaɗin shi ne a shekarun nan uku auren yana nan, ana zaune tare, kuma abokin auren ɗan ƙasa ne tun farkonsu. A cikinsu dole ka kasance a cikin Amurka da ƙafarka na aƙalla wata 18, ka kuma zauna wata 3 a jiha ko yankin da za ka shigar da takardu. Ana iya shigarwa kwana 90 kafin shekara ukun su cika. Sunan fom ɗin N-400, kuma tun Afrilun 2024 kuɗinsa dala 760 ne a takarda, dala 710 ta intanet.

Idan aurenku bai kai shekara 2 ba lokacin da aka ba ku girin kad, katin wucin gadi na shekara biyu aka ba ku. Sai kun cike fom I-751 cikin kwana 90 kafin ya ƙare, a cire sharaɗin. Shekarun nan biyu suna cikin lissafin ukun, ba a yi asararsu ba.

[Hoto: ɗaukar zanen yatsu, ɗakin tambayoyi, jami'a da fayil.]

Daga nan sai zanen yatsu, sai ganawa da jami'in USCIS, hukumar Amurka mai kula da shige da fice da ba da shaidar ɗan ƙasa, jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulkin ƙasar. Abubuwa uku ne suka fi kayar da masu aure a nan. Tafiya gida da ta wuce wata 6, wadda hukuma ke ɗauka a matsayin yankewar zama har sai ka kawo hujja. Idan ta kai shekara kuwa, lissafin ya karye. Sai saki ko rasuwar abokin aure kafin ranar rantsuwa, wanda ke mayar da mutum layin shekara biyar. Na uku, ga 'yan uwa maza musamman: fom ɗin yana tambaya a kan auren mace fiye da ɗaya, kuma dokar shige da fice ta Amurka tana hana mai mata biyu a lokaci guda shaidar kyawun hali, ko da ta biyun tana wata ƙasa. Ƙarya a wannan tambayar ta fi komai haɗari, domin ana iya ƙwace shaidar ɗan ƙasa bayan shekaru idan ta bayyana da ƙarya aka same ta. Mai wannan matsalar ya ga lauyan shige da fice kafin ya sa hannu a komai.

[Hoto ya koma zauren rantsuwa. A rage gudun bidiyon. Kalmomin farko na rantsuwar a kan allo.]

Yanzu mu zauna, don nan gizo ke saƙar.

Gaskiya ne, kalmomin rantsuwar suna da nauyi. Mai rantsuwa yana cewa ya yi watsi gaba ɗaya da duk wata biyayya ga wani sarki, ko mai mulki, ko wata ƙasa da yake ɗanta a da. Duk wanda ya ji haka ya tsorata, yana da uzuri. Amma ku lura da abin da ke faruwa a zauren. Girin kad ake karɓa a hannun mutum, domin ba ya buƙatarsa kuma. Fasfon ƙasarsa yana aljihunsa, babu mai tambayarsa. Amurka ba ta neman takardar shaida cewa ka je ofishin jakadancin ƙasarku ka fita daga zama ɗanta. Tun 1952, a shari'ar Kawakita, Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa mutum yana iya zama ɗan ƙasa biyu a lokaci ɗaya.

Dalilin mai sauƙi ne. Kowace ƙasa ita ke da ikon faɗin wane ne ɗanta. Alƙali a Houston ko Minneapolis ba shi da hurumin goge sunan wani daga rajistar wata ƙasa. Saboda haka amsar tambayar "zan rasa ƙasata?" tana cikin dokar ƙasar da ka fito, can za ka neme ta.

[Hoto: bangon Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a buɗe Babi na Uku.]

Mu ɗauki Najeriya. Kundin 1999 ya kasa 'yan ƙasa gida uku: na haihuwa a sashe na 25, na rajista a sashe na 26, da wanda ya nema bayan doguwar zama ta shekara 15 a sashe na 27. Sashe na 28 shi ne mai maganar ƙasa biyu, kuma abin da ya ce shi ne: wanda ba ɗan Najeriya ne ta haihuwa ba, idan ya karɓi zama ɗan wata ƙasa wadda ita ma ba ta haihuwarsa ba ce, nan take ya rasa na Najeriya. Ku sake saurara da kyau. Hukuncin bai taɓa ɗan ƙasa ta haihuwa ba. Shi yana iya rantsuwa a Amurka da safe, da yamma ya je sabunta koren fasfonsa.

Sai dai kalmar "ta haihuwa" tana ruɗa mutane, suna zaton wurin da aka yanke cibiya ake nufi. Jini ake dubawa. Wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, idan mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda aka haifa a waje, a Jidda ko Khartoum ko Landan, idan ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma haka. Wanda kuwa aka haifa a cikin Najeriya amma iyaye da kakanni duk baƙi ne, haihuwar kaɗai ba ta ba shi ba.

[Hoto: zane mai sauƙi, mace ɗaya, kibiya uku zuwa tutoci uku.]

Ga wadda ya kamata ta yi taka-tsantsan sosai. Mace 'yar wata ƙasa ta auri ɗan Najeriya, ta samu zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista a ƙarƙashin sashe na 26. Daga baya mijin ya zama ɗan Amurka, ya kai ta can, shekara uku suka cika, ta yi rantsuwa. A ranar, bisa sashe na 28, zamanta 'yar Najeriya ya faɗi. Mijin yana riƙe da biyu, 'ya'yansu suna riƙe da biyu, ita kaɗai a gidan ta rasa. Wannan abin yana da zafi, kuma a ganina duk iyalin da ke cikin wannan hali ya kamata su zauna su tattauna kafin a biya kuɗin fom, kada a gano a filin jirgi.

Shi kuwa ɗan ƙasa ta haihuwa, idan ma so yake ya fita, sai ya bi sashe na 29: ya rubuta sanarwa ta hanyar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, Shugaban Ƙasa ya sa a yi mata rajista. Sai a lokacin ya daina zama ɗan Najeriya. Ɗaga hannu a wani zaure a ƙetaren teku bai kai wannan ba.

[Taswira. Ƙasashe suna haskawa ɗaya bayan ɗaya.]

Sauran ƙasashe, a gurguje. Nijar ta gyara dokarta a 2014, ta yarda da ƙasa biyu. Ghana ma ta yarda. Kamaru kuwa, dokarta ta 1968 ta ce babban mutum da ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Kamaru. Indiya, Sin da Japan su ma ba su yarda ba. Ga 'yan waɗannan ƙasashen, tsoron da ke yawo gaskiya ne, amma dokar gida ce ta yi aikin. Matambayi ba ya ɓata: a tambayi ofishin jakadancin ƙasarku, a nemi amsar a rubuce.

[Hoto: iyali a filin jirgi, yara da jakunkuna.]

To, in fasfon gida yana nan lafiya, a yi ko kada a yi?

Girin kad izinin zama ne, kuma izini ana janye shi. Wasu laifuka, har da waɗanda mutum zai ɗauka ƙanana ne, suna iya kai mai girin kad gaban alƙalin kora ko da ya shekara ashirin a ƙasar da 'ya'ya 'yan ƙasa. Doguwar zama a waje ma tana kashe shi. Mahaifiya ta kwanta jinya a gida, 'yarta ta tafi ta zauna shekara ɗaya da rabi, dawowa ta zama matsala, sai dai idan ta nemi izinin sake shigowa da fom I-131 kafin ta fita, wanda shi ma iyakarsa shekara 2. Ɗan ƙasa kuwa ya tafi shekara goma ya dawo, ƙofa a buɗe take. Shi ya sa masu cewa "ai komawa gida za mu yi, me zan yi da shi" su ne sau da yawa suka fi buƙatarsa.

Ɗan ƙasa mai shekara 21 yana iya nema wa mahaifinsa da mahaifiyarsa da 'yan uwansa na jini izinin zama. Mai girin kad ba ya iya nema wa iyaye. Kuma yaron da bai kai 18 ba, mai girin kad, da ke zaune a Amurka a hannun uwa ko uban da ya yi rantsuwa, yana zama ɗan ƙasa kai tsaye bisa dokar shekarar 2000. Wannan yana da muhimmanci ga macen da ta zo da ɗanta na auren farko. Idan yaron yana da shekara 16 ko 17, kowane wata na jinkiri yana da tsada.

[Hoto: takardun haraji a kan tebur, kwamfuta a buɗe.]

Nauyin da ke tafe da shi, haraji ne babba. Amurka tana bin 'yan ƙasarta da bayanin kuɗin shiga duk inda suke a duniya. Mai girin kad ma yana ƙarƙashin wannan dokar, har da bayyana asusun banki na waje idan jimillarsu ta wuce dala 10,000 a wani lokaci cikin shekara. Bambancin shi ne girin kad ana iya ajiye shi a tafi, zama ɗan ƙasa kuwa yana bin mutum har sai ya je ofishin jakadanci ya fita a hukumance. Wanda ya san zai koma gida dindindin da kasuwanci mai girma, ya zauna da masanin haraji tukuna. Akwai kuma kiran zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci, wanda wajibi ne a amsa.

Ra'ayina a fili: ɗan Najeriya ta haihuwa, ko ɗan Nijar, ko ɗan Ghana, da ke da aure da yara a Amurka kuma tarihinsa a tsabtace yake, ya cike fom ɗin da zarar ya rage kwana 90 shekara ukun su cika.

[Hoto: fasfo biyu gefe da gefe, shuɗi da kore. Teburin jami'in shige da fice.]

Bayan rantsuwa, fasfo biyu kowanne da ƙofarsa. Shiga Amurka da fita daga cikinta, da fasfon Amurka, doka ce. Shiga Najeriya da fita, da na Najeriya, kuma ya kasance mai rai, don haka a duba ranar ƙarewarsa kafin a sayi tikiti. A cikin Najeriya hukuma tana kallon mai ƙasa biyu a matsayin ɗan Najeriya, taimakon da ofishin jakadancin Amurka zai iya yi masa idan ya shiga matsala yana da iyaka. Sai suna: matar da ta ɗauki sunan mijinta a takardun Amurka, alhali koren fasfo yana ɗauke da sunan mahaifinta, ta riƙa tafiya da takardar aure a jakar hannu, kuma sunan da ke kan tikiti ya dace da fasfon da za ta miƙa wa kamfanin jirgi.