Inshorar lafiya a gundumar Bronx: ƙofofin shiga da abin da kowace ke ci

Assalamu alaikum, masu kallo. Gundumar Bronx tana bakin ruwa ne a arewacin birnin New York. Kogin Harlem ya raba ta da Manhattan, gabashinta kuma yana fuskantar mashigin teku na Long Island. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan ɗaya da rabi, kuma a cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma masu yawa, har da Hausawan da suka fito daga zangunan Gana da Nijar da Nijeriya, waɗanda da damansu ke tuƙin tasi, ko kula da tsofaffi a gidajensu, ko gadi, ko ɗan kasuwanci. A wannan bidiyon za mu duba yadda mazaunin wannan gunduma ke samun inshorar lafiya da kuma abin da za ta ci masa.

Kafin a tambayi mutum ciwon da ke damunsa, abubuwa uku ake fara tambayarsa: nawa yake samu a shekara, mutum nawa ne a gidansa, kuma wace irin takardar zama yake riƙe da ita. Amsar waɗannan ita ce ke nuna ƙofar da zai bi. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne layin talauci na gwamnatin tarayya, wanda ake sabuntawa kowace shekara. A 2025 layin ya tsaya a kan dala 15,650 ga mutum ɗaya, ana ƙara dala 5,500 a kan kowane ƙarin mutum, wato gida mai mutum huɗu layinsa dala 32,150 ne. Duk sauran lissafin daga wannan adadi yake tasowa.

Ƙofa ta farko ita ce Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin samu, wadda jihar New York ke bai wa baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na layin ba. Da alƙaluman 2025, hakan na nufin kimanin dala 21,600 ga mutum ɗaya, da kimanin dala 44,400 ga iyali mai mutum huɗu. Ba a biyan kuɗin wata, abin da ake karɓa a kan magani kuma kaɗan ne ƙwarai. A dokar tarayya ta 1996, yawancin masu katin zama na dindindin sai sun cika shekara biyar kafin su shiga Medicaid, amma a 2001 babbar kotun jihar New York ta yanke hukuncin cewa jihar ba za ta hana su ba, don haka sabon zuwa da ke da takardunsa bai kamata ya ɗauka cewa ƙofar a rufe take ba.

Wanda samunsa ya ɗan haura wannan iyaka sai ya faɗa cikin shirin Essential Plan, wanda aka tanadar wa 'yan shekara 19 zuwa 64. Shi ma ba shi da kuɗin wata tun 2021, ba shi da wani adadi da sai ka fara biya kafin inshora ta karɓa, kuma ya haɗa da haƙori da ido. A watan Afrilun 2024 an ɗaga iyakarsa zuwa kashi 250 cikin 100 na layin talauci, wato dala 39,125 ga mutum ɗaya da lissafin 2025. Sai dai a watan Satumban 2025 gwamnatin jihar ta bayyana shirin mayar da iyakar zuwa kashi 200 daga watan Yulin 2026, saboda ragin kuɗin da dokar tarayya ta wannan shekarar ta kawo. Kashi 200 kuwa dala 31,300 ne, saboda haka duk wanda samunsa ke tsakanin waɗannan adadi biyu ya kamata ya riƙa buɗe kowace wasiƙa da ta zo masa daga hukumar da ke kula da shirin.

A nan ne direbobi suka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da tsada. Direban da ke aiki da manhajar ɗaukar fasinja, ko mai tasi, a wurin hukumar haraji mai sana'ar kansa ne, kuma samun da ake ƙirgawa shi ne abin da ya rage bayan an cire kuɗin aiki, kamar man fetur da hayar mota da inshorar motar da gyara da kuɗin gada. Mu ɗauki misali kawai: mutum ya ga dala 52,000 sun shiga asusunsa a shekara, sai ya rubuta wannan adadi a takardar neman inshora, alhali bayan an cire ɗawainiyar mota abin da ya rage masa dala 30,000 ne. Da adadi na farko za a tura shi ya sayi inshora da kuɗinsa, da na biyu kuwa ya cancanci Essential Plan ba tare da biyan ko sisi a wata ba. Akasin haka ma yana faruwa. Wanda ya rage samunsa don ya sami tallafi mai yawa, lokacin cike takardun haraji za a gwada abin da ya faɗa da abin da ya samu, a nemi ya mayar da rarar. Takardar harajin bara ita ce abin da ya fi dacewa mutum ya riƙe a hannu ranar da zai yi rajista.

Yara suna da tasu ƙofar, wato Child Health Plus, kuma ita ce mafi faɗi a cikinsu duka. Duk yaron da ke zaune a jihar, bai kai shekara 19 ba, ana karɓarsa ba tare da duba takardun zamansa ba. Gidan da samunsa bai wuce kashi 222 cikin 100 na layin talauci ba, kyauta ne. Sama da haka, har zuwa kashi 400, ana biyan dala 15 ko 30 ko 45 ko 60 a wata a kan kowane yaro gwargwadon samu, kuma ba a cajin fiye da yara uku, abin da ke da muhimmanci ga gidajenmu masu 'ya'ya da yawa.

Wanda samunsa ya wuce duk waɗannan, kuma wurin aikinsa bai ba shi inshora ba, sai ya nufi kasuwar inshora ta jiha, NY State of Health, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar 2010 da jama'a ke kira Obamacare. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayarwa, an kuma kasa tsare-tsarensu mataki huɗu: tagulla, azurfa, zinariya da filatinam. A matsakaici, matakin tagulla yana ɗaukar kashi 60 cikin 100 na kuɗin jinya, azurfa 70, zinariya 80, filatinam 90, sauran kuma a kan mai inshorar yake. New York ta bambanta da yawancin jihohi a abu guda, domin ba ta yarda kamfani ya ƙara wa mutum kuɗi saboda shekarunsa ko shan taba ba, don haka ɗan shekara 60 da ɗan shekara 25 farashi ɗaya ake sa musu. Ana kuma rage kuɗin wata da tallafin haraji na tarayya, wanda aka faɗaɗa a 2021, dokar 2022 ta tsawaita faɗaɗawar zuwa ƙarshen 2025.

Idon mai saye yakan tsaya ne a kan kuɗin wata, amma kuɗin wata kashi ɗaya ne cikin huɗu na lissafin. Na biyu shi ne didaktibul, wato adadin da sai ka fara biya daga aljihunka a cikin shekara kafin kamfani ya soma ɗaukar nauyi. Na uku shi ne kuɗin da kake ajiyewa a teburin asibiti a kowace ziyara, ko kason da ake ɗora maka daga cikin jimillar. Na huɗu shi ne rufin da doka ta sa, wanda idan ka kai shi kamfani zai biya sauran gaba ɗaya har ƙarshen shekara. A 2025 rufin bai wuce dala 9,200 ga mutum ɗaya ba, da dala 18,400 ga iyali.

Bari mu sa wannan a ma'auni da alƙaluman misali. Mutum biyu, ɗaya ya ɗauki tagulla mai didaktibul na dala 4,000, ɗayan ya ɗauki zinariya mai didaktibul na dala 600, yana biyan ƙarin dala 200 a wata, wato dala 2,400 a shekara. Idan shekara ta wuce lafiya lau, mai tagulla ya ci riba. Idan kuwa dare ɗaya aka garzaya da shi asibiti aka yi masa tiyata, sai ya fara fitar da dala 4,000, sannan a ɗora masa kasonsa na abin da ya biyo baya, arharsa ta zama ta banza. A ganinmu, mai ciwon suga ko hawan jini, wanda ya san duk wata sai ya ga likita ya karɓi magani, ba shi da dalilin ɗaukar tagulla don kawai ta fi sauƙi a ido. Kafin a sa hannu kuma, a tabbatar likitan da aka saba da shi da asibitin unguwa suna cikin jerin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su, domin yawancin tsare-tsaren wannan kasuwa ba sa biyan wanda ke wajen jerin sai a halin gaggawa.

Maganar lokaci gajera ce. Rajistar kasuwa takan buɗe a watan Nuwamba, ta shekarar 2025 kuma ta kai ƙarshen Janairu kafin a rufe ta, amma wanda ya rasa inshorar wurin aiki, ko ya yi aure, ko aka yi masa haihuwa, yana da kwana 60 ya shiga, kuma a New York samun juna biyu ma dalili ne karɓaɓɓe. Medicaid da Essential Plan da Child Health Plus a buɗe suke duk shekara. Masu taimaka wa jama'a cike takardu, waɗanda jiha ta amince da su, ba sa karɓar kuɗi, duk wanda ya nemi a biya shi don ya yi wa mutum rajista a yi hattara da shi.

Sai kuma wanda ba shi da takardun zama, kuma a nan ne tsoro ya fi hana mutane abin da doka ta ba su. Tun 1986 dokar tarayya ta wajabta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba mara lafiya ya ceto ransa ba tare da sharaɗin kuɗi ba, kuma akwai Medicaid ta gaggawa da ke biyan irin wannan jinya ga mai ƙaramin samu. Masu juna biyu suna samun Medicaid ko da ba su da takardu, daga Janairun 2024 kuma an haɗa da waɗanda suka kai shekara 65. Ga sauran akwai NYC Care, wanda a Bronx aka fara shi a watan Agustan 2019. Shi ba inshora ba ne, katin zama mamba ne da ke ba mutum likitansa na musamman da magani a asibitocin birni, irin su Lincoln da Jacobi da North Central Bronx, a kan kuɗin da aka daidaita da samunsa, wanda ke farawa daga sifili. Ba ya aiki a asibitin da ba na birni ba, ba ya kuma aiki a wata jiha. Wanda ke fargabar cewa karɓar taimako zai shafi neman katin zamansa, ya kai tambayar ga lauyan shige da fice, domin ƙa'idojin suna sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati.

Dattawa kuma Medicare, inshorar gwamnatin tarayya, ce tasu daga shekara 65. Sashen da ke biyan kwanciya a asibiti kyauta ne ga wanda ya yi aikin shekara goma yana biyan haraji, kuma wannan ne ke kama waɗanda suka daɗe suna aikin hannu da hannu ba tare da rubuta samunsu ba. Sashen ganin likita kuwa a 2025 dala 185 ne a wata, da didaktibul na dala 257 a shekara, kuma wanda ya yi jinkirin shiga ba tare da wata inshorar aiki ba ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kan kowace shekarar jinkiri, ƙarin da ba ya sauka. Mai ƙaramin samu na iya neman jiha ta biya masa wannan kuɗin wata. Sai dai Medicare, in ban da wasu yanayi ƙalilan, ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka, Medicaid ma haka. Dattijon da ke shirin tafiya Kumasi ko Yamai ko Kano ya yi watanni, ko zai tafi aikin Hajji, yana bukatar ya tanadi inshorar tafiya dabam, ya karɓi isasshen magani kafin ya tashi, ya kuma bar wanda zai riƙa duba masa akwatin wasiƙu, domin takardar sabunta Medicaid tana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma idan ba a amsa ta a kan lokaci ba ana rufe inshorar.