Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Cajar Batir Ke Nuna Bolt 10 Sai An Haɗa Batir Ta Koma 13?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wani mai gyaran wutar mota a Suame Magazine, nan Kumasi. Ya ce ya haɗa caja da taransifoma mai bolt 12 da dayod huɗu (ƴan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai). In ya auna ba batir, mita na nuna kusan bolt 10. Ya haɗa batir sai ta koma 13. Ko cajar ta lalace ne?

Malam, lafiyarta lau. Wutar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Dayod huɗun nan sukan mai da ita tudu-tudu, tudu 100 a daƙiƙa, kowane ya tashi daga sifili ya sake sauka. Bolt 12 ɗin taransifoma kuwa ƙololuwarsa na kai 17. Ka cire 1.4 da dayod biyun da ke aiki a lokaci guda ke ci, saura 15.6. Mitarka matsakaicin tudu da kwari take nunawa, shi ne 10 ɗin da ka gani.

Da ka haɗa batir, sai ya cike kwarin. Wutar ba ta sake faɗuwa ƙasa da ƙarfin batirin, kusan shimfiɗe take, sai ɗan tozo a kan kowane tudu. Dayod kuma ba sa buɗewa sai taransifoma ta zarce batir. In ƙarfin batir na kan bolt 12, suna aiki kusan kashi 40 cikin ɗari na lokacin. In ya kai 14.4, bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa cajin ke raguwa da kansa in batir ya kusa cika.

Abin lura a nan: wutar tana shiga ne da fizga-fizga. Mita ta ce amfiya 5, amma kowace fizga ta ninka haka sau da dama, kuma fizgar ce ke dafa taransifoma. Ka jera ƙwan fitilar mota mai wat 55 tsakanin caja da batir don ya rage ta, ka sa fiyus. Batir mai 70Ah (ma'aunin yawan wutar da yake iya ɗauka), cajin amfiya 7 ya ishe shi. In ka juya waya ba fiyus, batir zai zuba wutarsa ta cikin dayod ya ƙona su nan take. Kuma a yi caji inda iska ke shiga, don batir na fitar da iskar da ke kama wuta.

Wata baiwar Allah daga Aboabo ta ce batirinsu na dumsor, wato na lokacin ɗaukewar wuta, ba ya cika in an yi caji da yamma. Hajiya, in wutar unguwa ta sauka zuwa 200, ƙololuwar irin wannan caja ba ta wuce bolt 13.4, batir kuma 14.4 yake nema. A gwada da asuba, ko a nemi caja mai daidaita wuta da kanta.