Yaro mai ciwon zuciya da likitan haƙori: wa zai sha magani kafin a taɓa masa baki?

Tambayar da iyaye ke ta yi ke nan: "An ce kada a taɓa haƙorin ɗana saboda zuciyarsa, gaskiya ne?"

A'a, barin bakin ba kulawa shi ne haɗarin. Ku ɗauki misalin dasashin da ya kumbura. Da zarar ya yi jini, ƙwayoyin cutar baki sun samu ƙofa. Sai su bi jini su je su maƙale a bawul ɗin zuciya (ƙofar da ke hana jini komawa baya) ko wurin da aka yi faci. Wannan ciwon shi likitoci ke kira endokaditis, kuma yana kisa.

To ga inda ake ruɗewa. Ba kowane yaro mai ciwon zuciya ne zai sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin aikin haƙori ba. Tun 2007 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta taƙaita abin ga waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, irin su: wanda aka sa wa bawul na roba ko ƙarfe, wanda ya taɓa yin endokaditis, mai irin ciwon da ke sa leɓe ya yi shuɗi kuma ba a gyara ba, da wanda aka yi wa faci bai cika wata 6 ba. Su ma sau ɗaya tak za su sha, minti 30 zuwa 60 kafin aikin, galibi amoksisilin, gwargwadon nauyin yaro. Likita ne zai rubuta. Don Allah kada a ɗauko ragowar na gida a yi ta ɗura masa mako guda.

Me ya sa aka taƙaita? Cire haƙori rana ɗaya ne. Rubabben haƙori kuwa kullum yana tura ƙwayoyin nan cikin jini, ko tauna yaron ya yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wani likitan haƙorin, da ya ji "zuciya", sai ya ja baya ya tura su gaba. Uwa ta yi ta yawo, kogon yana ƙara zurfi. Maganin wannan shi ne takarda daga likitan zuciyar yaron: sunan ciwon, aikin da aka yi, magungunan da yake sha.

Sauran a gurguje. A fara kai yaro wurin likitan haƙori kafin ya cika shekara 1. Buroshi safe da dare da man goge baki mai fuloraid. In maganinsa na ruwa ne mai zaƙi, a kuskure masa baki bayan ya sha. In yana shan wafarin, mai tsinka jini, kada ku dakatar da kanku, ku fara tambayar likitan zuciyarsa.