Jakar da nake saya jika 12 a Wadata, na gan ta Yuro 140 a intanet

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da fuskata yau, raina a ɓace yake tun daren jiya. An ɗauke wuta, ina kwance a tsakar gida ina latse-latsen waya, sai na ci karo da wata jakar fata a wani shagon intanet. Ja ce, an yi mata ado da kore a baki. Na zuƙo hoton na duba ɗinkin, wallahi ko cikin barci aka tashe ni na san hannun nan. Aikin wani dattijo ne a nan Wadata, a Yamai, wanda nake sayen kaya a wurinsa. Kuɗinta Yuro 140. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ku buga da kanku, jika 91 da ɗoriya ke nan, jika ɗaya sefa dubu ce. Ni jika 12 nake karɓar irinta, wani lokaci ma har da rokon ragi. Abin da ya ƙarasa ni kuwa, a ƙasan hoton an rubuta wai fatar Maroko ce.

Fatar Maroko! Ni ɗan Kano ne, cikin dukawa na tashi, warin jima na fara shaƙa kafin na san turare. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce kakanninmu ke jemewa da bagaruwa, su rina ta da karan dafi, ayarin raƙuma ya tsallaka Sahara da ita. Turawa a bakin teku can arewacin Afirka suke sayenta, sai suka laƙaba mata sunan Maroko. Ɗaruruwan shekaru ke nan, ga shi yau an koma waya, labarin bai canja ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari in juya kyamara ku gani. Nan ne ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, a Yamai. Dukawa ga su can, maƙeran azurfa na Abzinawa a wannan layin, masu saƙa a baya. Kun ga yadda wurin ya yi tsit? Da ba haka yake ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu sayen tsaraba suka yi ta raguwa. Sojojin Faransa sun gama fita a Disamban shekarar, ofishin jakadancinsu ya rufe, sojojin Amurka ma suka bi baya a 2024. Ni ba siyasa na zo yi ba, baƙo ne ni a ƙasar nan, amma wanda ke sayen zobe goma ya kai wa danginsa ba ya nan yanzu. Na nuna wa dattijon hoton ɗazu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ɗana, kai ma ka sa ta can mana, ko wayarka ba ta kai tasu ba?" Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, wayar ta kai, sauran ne ba su kai ba."

Ga sauran. Babbar kasuwar kayan hannu a intanet ita ce Etsy, ta Amurkawa, tun 2005 take. Ƙa'idarsu a rubuce take: kowane kaya ka ɗora za ka biya santi 20 na dalar Amurka, ya yi wata huɗu. In an saya su cire kashi 6.5 cikin ɗari, har da kuɗin aike ake lissafawa. Sai kuɗin karɓar biya, a Faransa kashi 4 ne da ɗan ƙari. In kuma ta tallan da suka yi maka a waje mai saye ya zo, kashi 15. Duk wannan da sauƙi. Ba za ka buɗe shago ba sai kana cikin jerin ƙasashen da suke iya biyan kuɗi, Nijar kuma ba ta ciki. Ni da sunan ƙanwata da ke aure a Faransa nake yi, asusunta, adireshinta. Ita ma hukumar haraji tana kallonta, don haka sai ta cire nata kafin ta turo saura. Wanda ba shi da ɗan uwa a waje fa? Sai ya sayar wa mai shi a jika 12, shi ke nan.

Sai aike, inda kuɗin ke mutuwa. Jaka ɗaya tal, na kai wani kamfanin aika kaya, suka ce jika 38. Jakar jika 12! Gidan waya ya fi araha, amma mai saye a Turai in mako biyu ya wuce bai ga kaya ba ya fara rubuto maka wasiƙa kamar ka ci masa gado. Jiragen Faransa ba sa sauka nan tun Agustan 2023, iyakar Benin kuma an rufe ta a shekarar, komai sai ya zagaya. Abin da nake yi, in na ji wani zai tafi sai in sayi kilo a kayansa, in tara jaka goma sha biyar su tafi tare, ƙanwata ta riƙa aikawa ɗaya-ɗaya daga can. Amurka kuwa na ajiye ta gefe. An cire Nijar daga tsarin AGOA, na shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, tun farkon 2024, sannan a Agustan 2025 suka soke rangwamen da ke barin ƙaramin kaya na ƙasa da dala 800 ya shiga ba haraji. Yanzu ko maɓallin fata ka aika sai an duba shi.

Ku dakata, mai kilishi ne ke wucewa. Kilishin Yamai, jama'a, duk kishin Kano da nake da shi ba na musu a kansa. Amma gurasa ce na rasa. Gurasa da ƙuli da yaji, irin ta bakin Kurmi da yamma. Dambun zogalen nan yana da daɗi, ba na raina shi, sai dai ba ya cike min wannan gurbin. Har lissafin kuɗinsu sai da ya wahalar da ni da farko, a ce maka dala ashirin ashe sefa 100 ake nufi. Yanzu kam ni nake gyara wa baƙi.

To kada wani ya ce na hana shi sayarwa a intanet. Daɗin abin yana nan. Bature ba ya taya kaya. Ka rubuta Yuro 70, ya biya Yuro 70, har ya gode maka. Babu "nawa za ka bari", babu "albarka", babu tafiya a dawo. Akwai wata mata a Kanada da ta sayi kuros ɗin Tawa na azurfa, abin wuyan nan na Abzinawa, daga baya ta dawo ta ce tana son ta haɗa duka. Ai guda 21 ne, kusan kowanne da garinsa, Agadas, Ingal, Iferwan, Damagaram da sauransu, sannan aka ƙara na 22 don tunawa da Mano Dayak, wani jagoran Abzinawa da ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Maƙerin da ya yi mata aikin da kuɗin ya sayi ragon layya. Ba yabon kai ba, hotunan da na ɗauka ne suka sayar da su, a kan farin yashi da hasken safiya, kafin rana ta buɗe.

Amma ina gargaɗinku da wari. Mu da muka saba, ƙamshi ne. Wata ta buɗe kwali a Jamus ta rubuto wai akuya ce aka aiko mata da rai, ta ba shagon tauraro ɗaya, maki mafi ƙasa, ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Tauraro ɗayan nan kuwa sabon shago yana daɗewa bai warke daga shi ba. Ku shanya fata a inuwa ta sha iska sosai, kuma ku rubuta a fili cewa jimar gargajiya ce da bagaruwa. Can ƙasarsu akwai laima, fatar da ba ta bushe ba fumfuna take yi a hanya. Haka azurfa: ku tambayi maƙeri tsakaninsa da Allah ko tsantsa ce ko gauraye. Mai nikel a ciki tana sa ƙaiƙayi, Turai kuma suna da doka a kanta. In gauraye ce ku faɗa, akwai masu sayenta a kuɗinta.

Gaskiyar magana, yawancin cinikina ma ba na Turawa ba ne. A WhatsApp da TikTok yake. 'Yan uwanmu ne da ke Abijan, Akara, Makka, Faris, masu haɗa lefe da kayan ɗaki. Su ba sai ka yi musu bayanin tabarmar Madawa ko takalmin fata na Tawa ba, sun san abinsu. A turo kuɗi ta kamfanin Nita ko Amana, in kai kaya tasha, direba ya kira mai shi. Ba kashi 6.5, ba tauraro. Na Kano ne suka ja baya tunda naira ta faɗi, in na juya musu farashi daga sefa sai in ji shiru, can a turo min "Allah ya sa albarka". Su kuma namu da nasu halin: a tambaye ka hoto ashirin, bidiyo uku, a ce "zan tuntuɓe ka", daga baya ka ga hotonka a shafin wani yana tallar kayan da ba shi da su. Ni yanzu a jikin kayan nake ɗora sunan shagona, a tsakiya, ba a gefe inda za a yanke ba. Kuma duk wanda ya turo maka hoton rasit, kada ka saki kaya sai ka ga kuɗin da idonka.

Na ƙarshe, lokaci. Shafin intanet yana so ka ce kwana nawa. Baduku kuma "gobe in Allah ya kai mu" ya sani, a tsakani ga suna, ga ta'aziyya, ga zafin Afrilu da ke haura 40 da ba mai iya zaman ɗinki da rana. Kada ku tallata abin da ba ya hannunku, musamman gab da Sallah. Matan Tawa da na haɗu da su a baje kolin SAFEM, na sana'o'in mata da ake yi a nan Yamai, su ne kaɗai ke cika min alkawari ba sai na yi ta kira ba, kuma su rabin kuɗi suke karɓa tun kafin su yanka fata. Kayansu ma yau suka iso, kilomita sama da 500 a bas, bari in nemi tasi in je tasha kafin a rufe wurin ajiya.